Buta kafin pampas: zare kan tsofaffinmu masu gigin tsufa

1/
Zaren nan mai tsawo ne, kuma maganar ba ta da daɗin ji: pampas ɗin manya, da tsofaffin da gigin tsufa ya kai su ga fitsari ko bahaya na kuɓuce musu. Mai cin abinci ya gama tukuna. Mai tsoho a gida kuma ya ajiye zaren, wata rana zai neme shi. 🧵

2/
Ni ɗaliba ce, aji uku a Jami'ar Tarayya ta Gusau. Shekara biyu ke nan ɗaki ɗaya nake kwana da kakata wadda ta haifi Mama. Inna muke ce mata. Abin da zan kawo, wani daga bakin likita da nas-nas na ji shi, wani kuma ɗakin Inna ne ya koya min.

3/
Mu a nan ba ciwon da ba a hirarsa. Hawan jini, suga, shanyewar ɓarin jiki, har yoyon fitsarin mata an sha yin shiri a kansa a rediyo, kowa ya san Babbar Ruga ta Katsina. Amma tsoho ya jiƙa shimfiɗa? Shiru kake ji. Sai dai ka shiga gida ka ga ɗaki guda kullum ƙofarsa a saye, turaren wuta na tashi ba dare ba rana.

4/
Shirun nan shi ke sa kowane gida ya yi ta lalube shi kaɗai, kamar a kansu aka fara tsufa. Maƙwabciyarki ta sha wannan wahalar shekara biyar da uwar mijinta, ta san dabaru kala-kala, amma ba za ta faɗa miki ba, ke ma ba za ki tambaya ba.

5/
Gigin tsufa ba tsufa ba ne kawai. Akwai 'yan shekara casa'in da za su jero maka jikoki da tattaɓa-kunne ba tuntuɓe. Ciwo ne da ke cin ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Wanda ya fi yawa shi ne wanda wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya yi bayaninsa a 1906. Akwai kuma mai biyo bayan hawan jini da toshewar ƙananan hanyoyin jini na cikin kai.

6/
Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu ciwon sun haura miliyan 55, fiye da kashi 60 cikin ɗari kuma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke. Wani bincike da aka yi a Zariya, aka buga a 2011, ya same shi ga kusan uku cikin ɗari na tsofaffin da aka duba. Mu dai suna muke canza masa: "ya koma yaro", "ta rikice", "iska ce". In tsohuwar ba ta da gata, a ce mayya.

7/
To ina haɗinsa da fitsari? Ku lissafa abin da ke tsakanin jin fitsari da yin sa a inda ya dace. Ka ji shi. Ka gane abin da ka ji. Ka tuna ina makewayi yake. Ka miƙe a kan gwiwar shekara tamanin. Ka taka, wataƙila cikin duhu. Ka gane ƙofar. Ka kwance zani ko mazagi. Ka tsuguna. Mu muna yin duk wannan ba mu ma san mun yi ba.

8/
Ciwon na iya tsinke kowanne daga ciki. Shi ya sa da yawansu, musamman a farko-farko, mafitsararsu ƙalau take. Hanya ce ta ɓace musu.

9/
Inna 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Bunguɗu. Can aka kai ta aure, can ta haihu, fiye da shekara hamsin a gida ɗaya. Da 'yan bindiga suka matsa wa yankin, Kawu ya ɗauke ta zuwa wurinsa a Tsafe. Da mantuwar ta fara yawa, ga hanyar Tsafe zuwa Gusau ba kullum hankali ke kwanciya da ita ba, Mama ta dawo da ita nan kusa da asibiti.

10/
Gida uku cikin shekara huɗu, ga mai ciwon mantuwa. A gidanta na ƙauye, in ta fito ɗaki ta yi hagu, bayan rumbu, nan makewayi yake. A gidanmu in ka fito ka yi hagu ɗakin girki ne. Cikin dare sai ta fito, ta yi hagu, ta samu lungun buhun gawayi, ta tsuguna. A gidan da ke cikin kanta, daidai ta yi.

11/
Na jawo wannan ne don Zamfara a yau cike take da tsofaffin da aka tsige daga gidajensu. Duk gidan da ya karɓi tsohon da ya baro ƙauye, sai aka ga ya fara ɓata wuri, kafin a ce ƙazanta ce ko gangan, a tambayi 'ya'yansa: a tsohon gida ta wane ɓari bayi yake?

12/
Ga kuma bayin zamani. Farin tayil, farin masai, ruwa kwance a ciki. Inna ta leƙa ta ce ita ba za ta ɓata wa mutane tasa ba. Wallahi haka ta ce. Wadda ta shekara saba'in tana tsuguno a rami, yanzu ƙwaƙwalwarta ba ta ɗaukar sabon karatu, ta ina za ta yarda wannan abin wurin bahaya ne?

13/
Abin da ya taimaka ba shi da tsada. Ƙofar bayi a buɗe. Fitilar sola a hanya har asuba. Buta mai launi mai ɗaukar ido a bakin ƙofar, don buta kam tana gane ta ko daga nesa. Ɗakin girki kuma a kulle da dare.

14/
Sai kujera mai rami. Mai walda ya haɗa mana, da abin dafawa hagu da dama, bokiti mai murfi a ƙasa. Da dare tana gefen gado, taku biyu. Gwiwarta ta huta, mu ma mun huta da tsoron faɗuwa, don karayar ƙugu ga tsoho sau da yawa ita ce kwanciyar da ba a tashi.

15/
Yanzu ga abin da na fi so ku ɗauka a zaren nan.

Inna ta manta sunana. Kuɗi da sule da fam take lissafa su. A wurinta har yanzu muna Jihar Sakkwato, 1996 bai zo ba balle a yi Zamfara. Amma ladan ya ɗaga murya, za ka ga hannunta ya fara laluben buta.

16/
In na ce, "Inna, tashi ki yi fitsari," na ɓata rawata da tsalle. Harara za ta watso min: "Ke, ni ɗiyakki ta?" Daga nan ko sama da ƙasa za su haɗe ba za ta motsa ba.

17/
In kuwa na ce, "Inna, an yi kira, tashi mu kama ruwa," na miƙa mata buta, shi ke nan. Ta miƙe. Abin da jiki ya maimaita sau biyar a yini shekara saba'in, yana daga cikin abin da ciwon ke jimawa bai taɓa ba. Kama ruwa kafin alwala kuwa ba abin kunya ba ne ga kowa.

18/
Nas ɗin da ta duba ta ta ce a riƙa kai mai irin wannan ciwo bayi duk bayan awa biyu zuwa uku, kada a jira sai ya nema, don ba lallai ya iya nema ba. Da muka duba sai muka ga jadawalin yana hannunmu tun tuni: asuba, azahar, la'asar, magariba, isha'i. Tsakanin asuba da azahar akwai nisa, sai muka ƙara bayan karin kumallo da walaha. Sai na ƙarshe kafin kwanciya.

19/
Bayan cin abinci ma lokaci ne mai kyau, hanji kan motsa a lokacin. Sannan a karanci alamu. Ita Inna in ta fara jan bakin zani, ko ta miƙe ta zauna ta miƙe, ko ta ce za ta "tahi gida", to ba gida take nufi ba.

20/
Da wannan tsarin muka sauko daga pampas huɗu a yini zuwa biyu, wata rana ma ɗaya, na dare kawai.

21/
Dalilin "buta kafin pampas" ke nan. Ranar da aka ɗaura wa tsoho pampas aka daina kai shi bayi, don ya fi sauƙi ga mai jinya, ɗan abin da ya rage masa na iyawa sai ya tafi da wuri. Ban ga laifin mai jinyar da ta gaji ba, na san gajiyar. Amma pampas abin tare tsautsayi ne. Muddin ƙafa na takawa, a ci gaba da kai su.

22/
Maganar tsarki. Inna mace ce da a da ko ɗigon fitsarin jika ya taɓa mata zani sai ta canza. Mama ta damu ƙwarai: sallarta fa? Malamin da aka tambaya ya ce wanda hankalinsa ya gushe ba a binsa bashin salla, mai larurar ɗigar fitsari kuma fiƙihu ya yi masa sauƙi tun da daɗewa. A tsaftace ta gwargwadon iko, a bar ta ta yi sallarta. Wani lokaci raka'a bakwai take wa azahar. Ba mai gyara mata.

23/
To, kayan kansu. A kemis duk "pampas na manya" ake cewa, amma iri-iri ne.

Akwai mai manne a gefe, irin na jarirai. Shi ya dace da wanda ke kwance ba ya tashi, don ana sa shi a juya mutum gefe da gefe. Akwai mai kamar wando, da ake ja sama da ƙasa. Ga mai tafiya da ƙafarsa wannan ya fi, don yana iya sauke shi a bayi da kansa, kuma bai jin an mai da shi jariri.

24/
Akwai ƙaramar audugar da ake sawa cikin kamfai ga mai ɗan ɗiga kawai. Ba daidai take da audugar al'ada ba, waccan ba a yi ta don yawan fitsari ba. Sai shimfiɗar gado mai tsotsewa, a-yi-amfani-a-yar, da kuma tsohuwar robar makintosh da muka sani a asibiti. Makintosh kada fata ta kwanta a kansa kai-tsaye, a ɗora zani ko tawul, in ba haka ba zufa da zafin Gusau su dafa mutum.

25/
A cikin pampas akwai wani gari kamar gishiri da ke tsotse ruwa ya koma kamar kamu mai kauri. Shi ke janye danshi daga fata. Yana da iyaka, in ya cika ya cika. Da yawa suna da layi a baya mai canza launi in ya jiƙe, ba sai an yi ta buɗe tsoho ana leƙe ba.

26/
Saiz da faɗin ƙugu ake aunawa, da tef ɗin tela, a duba jikin fakiti. Mutane na cewa a sayi babba ya fi ɗauka. A'a. Babba yana barin ƙofa a cinya, ta nan yake yoyo. Ƙarami kuma ya yanka matsematsi. Haɗa biyu ma asarar kuɗi ce, ledar bayan na cikin ba ta barin ruwa ya wuce zuwa na wajen, sai dai ya fita ta gefe.

27/
Sa shi kuwa wani yaƙi ne daban. Kalmar "pampas" ba ta fita a bakin kowa a gaban Inna. Fatari muke cewa. "Inna, ga sabon fatarinki." Muna ajiye shi a cikin kwallarta tare da zannuwanta, ta ɗauko da hannunta, ba a cikin leda mai hoton Bature kwance a gado ba.

28/
Sannan wa zai sa mata? Mama ita ce 'yar fari. Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba, kuma ciwon da ya share sunayen kowa bai share wannan kunyar ba. Mama ta nufo ta da ruwan ɗumi, sai ta ƙanƙame zani ta juya wa bango fuska. Matar Kawu a Tsafe ma haka ta sha, suruka ce.

29/
Ni kuwa jika ce, kishiya. "Tsohuwa, tashi in gyara ki, kada mijin namu ya dawo ya ce ni kaɗai yake so." Ta yi dariya ta zage ni, ta ɗaga hannu. Wasan kaka da jika da muke ɗauka raha ce kawai, a ɗakin jinya ya fi allura aiki. A duba wanda tsoho ba ya jin nauyinsa, a ba shi wannan ɓangaren. Sauran su ɗauki wanki, girki da kuɗi.

30/
Ƙofa a rufe, labule a sake. Zani a kan cinya ko da mu biyu ne. A faɗa mata abin da za a yi kafin hannu ya taɓa ta. Ku ɗauka ku ne wani wanda ba ku gane ba ya zo yana kwance muku zani ba bayani, ai duka za ku kai. Yawancin abin da ake kira faɗan tsufa a irin wannan lokacin tsoro ne.

31/
In an tashi an ga shimfiɗa a jiƙe, ba faɗa. "Inna, buta ta zube, bari in canza." Ita ma ta kama: "Yaran ga ba su da hankali." Shi ke nan an wuce wurin. Tsohon da ake yi wa tsawa ɓoyewa yake koya. Sai ka tsinci jiƙaƙƙen zani a ƙarƙashin katifa ko cikin kwalla bayan kwana uku.

32/
Fata. Nan ne ake samun babbar ɓarna. Fatar tsoho siririya ce, fitsari na cin ta, in ya haɗu da bahaya abin ya ninka. Ja, saɓa, daga nan gyambo. Ga wanda ke kwance kuma ga gyambon kwanciya a ƙugu da ƙashin baya yana jira. Shi ya sa ake juya su duk bayan kamar awa biyu.

33/
Bahaya ba a jira da shi ko minti goma. Ruwan ɗumi, tsumma mai laushi, daga gaba zuwa baya musamman ga mace. A dadanna a busar, kada a goga. Kada Dettol ko Izal su kusanci fata, na ƙasa ne da bokiti. Sai a shafa mai kaɗan, irin mai sinadarin zinc da ake sayarwa a kemis, ko basilin, ko man kaɗanya. Kaɗan na ce. In aka lafta, ya toshe fuskar pampas ɗin ya hana shi tsotsewa. Hoda kuma dunƙulewa take a lungu.

34/
In da hali a bar fata ta sha iska ko rabin awa a yini, a kan tawul.

35/
Wata shawara da 'yan dubiya ke yawan bayarwa: "ku rage mata ruwa mana." Don Allah kada ku ɗauka. Mai gigin tsufa dama ba ya tuna ƙishirwa. A watan Afrilu a Gusau ka hana tsoho ruwa? Fitsarin ya yi kauri, ya ƙara zarni, ya ƙara takura mafitsara, ciki ya ɗaure, ruɗewa ta ƙaru. A ba su ruwa sosai da rana, a sassauta daga magariba zuwa kwanciya.

36/
Abin da ya cancanci ragewa shi ne shayi da goro, musamman da yamma. Dukansu suna da sinadarin kafin, mai tsokano mafitsara kuma mai hana barci. Inna da goro sai Allah. Yanzu ɓari guda take samu da hantsi, kuma kullum sai an yi shari'a a kansa.

37/
Wannan ku riƙe shi da kyau: in abin ya zo farat ɗaya, ko ruɗewar ta ninka cikin kwana ɗaya biyu, ko zazzaɓi, ko fitsari ya canza wari, asibiti za a nufa ba kemis ba. Ciwon sanyin mafitsara a jikin tsoho sau da yawa ta ruɗewa yake bayyana. Suga da ta hau tana sa yawan fitsari. Ɗaurewar ciki na danne mafitsara. Duk waɗannan ana maganinsu.

38/
Wasu magungunan hawan jini ma aikinsu ke nan, sa fitsari. Ba a daina su da ka. A gaya wa likita, wani lokaci lokacin shan kawai zai mayar safiya. A Gusau ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya, ga Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. Don ciwon ƙwaƙwalwar kansa akwai asibitin tarayya na Kware a Sakkwato da na Barnawa a Kaduna. A tafi da duk kwalayen maganin da yake sha, kuma a buɗe baki a faɗi maganar fitsarin. Likita ba zai yi duba ya gano ba.

39/
Kuɗi. Fakiti yawanci guda goma ne. Mai buƙatar uku ko huɗu a yini, fakiti kwana uku ne, wato kamar goma a wata. Ba zan sa farashi ba, kafin ku gama karanta zaren ya canza. Ku tambaya a kemis, ku ninka sau goma, ku ajiye shi kusa da naira dubu 70, mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024. Ban da sabulu, ban da safar hannu, ban da magani.

40/
Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 duk abin da ya dogara da shigowa daga waje ya yi sama, wannan ma bai tsira ba. Ga wahalar samu. Lokacin da Inna ke Tsafe, ta hannun direbobi Kawu ke aikowa a sayo daga Gusau, ranar da hanya ba daɗi kuma sai haƙuri. 'Yan uwanmu na Bunguɗu ma nan suke shigowa nema. Wani mai kemis ya taɓa ce min ba ya ajiyewa don ba a tambaya. Ba a tambaya kuma don kunya. Kowa na jiran kowa.

41/
Wanda ba shi da hali, ƙunzugu bai zama abin raini ba. Tsohon tawul ko atamfa mai laushi a ninke, wando a sama, makintosh a ƙarƙashin zanin gado. Sharaɗinsa canzawa da zarar ya jiƙe, don tsumma ba ya janye danshi daga fata. A wanke da sabulu, a ɗauraye sosai, rana ta busar. Sai dai shi ma ba kyauta ba ne, duk wanda ke sayen ruwa a hannun 'yan garuwa a garin nan ya san jarka nawa wankin yini ke ci.

42/
Gidaje da yawa haɗawa suke: buta da ƙunzugu da rana, pampas da dare da ranar zuwa asibiti. A ganina wannan ya fi a sayi pampas a bar shi awa goma sha biyu a jiki don a ja fakiti. Kuɗin da aka tsimi a nan, gyambo zai cinye ninkinsa.

43/
A Japan fiye da shekara goma ke nan pampas ɗin manya na gaba da na jarirai a kasuwa. A 2024 kamfanin Oji Holdings ya ce zai daina yin na jarirai don kasuwar ƙasar, ya mai da hankali kan na manya. Su a kan kanta yake kamar sabulu. Mu mai saye sai ya waiga hagu da dama, ya rage murya, ya roƙi baƙar leda.

44/
A Najeriya an sa hannu kan dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa a 2018, ta fara aiki a 2021. Asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe cibiyar tsofaffi tun 2012. A nan gida muna da Hukumar Zakka da Waƙafi, ga ƙungiyoyin da ke rabon kayan azumi duk shekara. Ina ma a jerin shinkafa da atamfa a ƙara layi ɗaya na gidajen da ke jinyar tsoho kwance.

45/
Maza, ku matso. Tsoho namiji yana da nasa ƙarin: kumburin furostet, mai sa ɗiga ko toshewa, wannan sai likita. Robar fitsari kuma ba a sa ta don kawai a huta da wanki. Tana jawo ciwon sanyi, mai gigin tsufa kuma yana iya fizge ta ya ji wa kansa mummunan rauni.

46/
Amma abin da ya fi ci min rai: dattijo mai 'ya'ya maza shida, a bar shi da matarsa 'yar shekara saba'in tana juya shi ita kaɗai, ko a bar wa 'yarsa mace, shi yana jin nauyi ita tana jin nauyi. Tura kuɗi ta waya ba ya ɗaga mutum daga katifa. Namijin da zai yi wa mahaifinsa wankan gawa, me ya hana shi yi masa na rai?

47/
Zubarwa. Bahaya a juye a masai, pampas ɗin a naɗe a ƙulle a leda. Kada a jefa shi a masai ko shadda, ba ya ruɓewa, kumbura yake ya toshe ko ya cika ramin. Kada a yar a kwata ko bayan katanga, kaji da awaki da karnuka su yi ta ja a unguwa, asirin da ake ta rufewa ya tonu a bakin titi. Mu bokiti mai murfi muke tarawa, a fitar bola kullum. A ƙauye rami mai zurfi nesa da rijiya.

48/
Mai jinya ita ma mutum ce. Ina tashi sau biyu a dare, wani lokaci uku, ga lakcar ƙarfe takwas. Akwai ranar da na shiga aji ina shinshinar hijabina ko zarni ya bi ni. A gidanmu sai da aka zauna aka raba: ni dare huɗu, ƙanwar Mama dare biyu, 'yar Kawu na zuwa daga Tsafe ranar Juma'a in hanya ta yi kyau. Lokacin jarrabawa a ɗauke min gaba ɗaya.

49/
Kuɗin pampas kuma aka sa shi a guruf ɗin gida na WhatsApp da sunansa, ba "kuɗin hidimar Inna" ba. Fakiti kaza, naira kaza, wata kaza. Da farko wasu sun ce an tona asirin tsohuwa. Asiri a wurin 'ya'yan da ta yi wa ƙunzugu da hannunta? Daga ranar da lissafin ya fito fili, waɗanda ke turo dubu biyu da "Allah ya ƙara sauƙi" suka gyara hannu.

50/
Masu zuwa dubiya, katan ɗin lemo ba ya yi wa mai suga komai, yara ke shanyewa. In kun san gidan na jinyar tsoho irin wannan, ku kira uwar gidan gefe ku tambaya a hankali: wane iri, wane saiz? Ku tambaya kafin ku saya, don fakitin da aka buɗe ba ya komawa kanti.

51/
Na Inna dai M ne, mai kamar wando, ko da akwai ɗan uwan da ke karanta zaren nan yana yi kamar bai gane ni ba.